Wanda ya gama zaman kaso a Amurka, da wace hujja ake hana shi kaɗa ƙuri'a?

Hauwa'u, daga Kaduna:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san dokokin Amurka, musamman mazauna can. Na sha jin cewa a wasu jihohin ƙasar, idan kotu ta samu mutum da aikata babban laifi, to ko da ya cika wa'adin da aka ɗibar masa a gidan yari, ya fito ya kama sana'a, ya yi iyali, yana biyan haraji kamar kowa, ba a barinsa ya kaɗa ƙuri'a, wani ma har ƙarshen rayuwarsa. Amma kuma a watan Mayun 2024 wata kotu a New York ta samu Donald Trump da laifuka 34 waɗanda dokar jihar ta sa a rukunin manya, kuma duk da haka a watan Nuwamban shekarar ya kaɗa ƙuri'arsa a Florida. Ta yaya ƙasa ɗaya take da waɗannan hukunce-hukunce biyu?

Tambayata ta biyu ita ce ta fi damuna. Idan alƙali ya ce hukuncin mutum shekara biyar ne, kuma ya cika su cif, da wace hujja za a ɗora masa wani horon da ba ya ƙarewa? Ni a ganina babu hujja, amma ina so in ji ta bakin waɗanda suke ganin akwai, domin ba na tsammanin miliyoyin mutane za su riƙe doka shekara da shekaru ba tare da wani dalili da suke kafawa ba.

Nura, daga Orlando:

Wa'alaikumus salam, Malama Hauwa'u. Amurka ba ta da doka ɗaya a kan wannan batu, domin kowace jiha ita ke tsara wanda ya cancanci zaɓe a cikinta, ko da kuwa zaɓen na shugaban ƙasa ne. A jihohin Maine da Vermont, da kuma birnin Washington tun daga 2020, fursuna yana zaɓe daga cikin kurkuku ta hanyar aika ƙuri'arsa a wasiƙa. A New York da California da Minnesota 'yancin yana dawowa ranar da mutum ya fito daga gidan yari. A Texas da Georgia sai ya kammala ɗaurin talalar da ke biyo bayan sakinsa. Sannan akwai irin su Mississippi da Tennessee, inda mutum zai iya tsufa ya mutu bai sake shiga rumfar zaɓe ba. Shi Trump ya tsira ne saboda Florida tana bin dokar jihar da aka yanke wa mutum hukunci, ita kuwa New York tun daga 2021 wanda ke tsare kaɗai take hanawa, kuma shi ba a tsare shi ba.

Bari in tsaya a kan Florida, tunda a nan nake zaune. Tun daga kundin tsarin mulkinta na 1868 har zuwa 2018 jihar tana hana masu manyan laifuka zaɓe har abada, sai fa idan gwamna da kwamitin afuwa sun ga dama. Kada ki ɗauka babban laifi yana nufin kisan kai ko fashi da makami kawai, domin har zuwa 2019 satar abin da ya kai dala 300 babban laifi ne a dokar jihar, kafin a ɗaga adadin zuwa dala 750. Ke nan yaron da ya saci waya yana ɗan shekara goma sha tara zai iya kai shekara sittin bai taɓa zaɓen ko da kansila ba. A zamanin Gwamna Charlie Crist, daga 2007, an sauƙaƙa hanyar har aka mayar wa mutum sama da 150,000 'yancinsu. Da Rick Scott ya hau a 2011 sai ya ce dole mutum ya jira shekara biyar ko bakwai kafin ma ya miƙa takardar roƙo, kwamitin kuma sau huɗu kacal yake zama a shekara, don haka a shekaru takwas na mulkinsa kimanin mutum 3,000 ne kawai suka dace.

Wanda ya jagoranci yaƙin sauya wannan doka shi ne Desmond Meade, mutumin da ya yi fama da shaye-shaye, ya yi zaman kaso, ya kwana a titi, daga baya ya koma makaranta har ya samu digirin lauya. A 2016 matarsa ta tsaya takarar majalisar dokokin jiha, shi kuwa bai samu damar zaɓen matarsa ba. Ƙungiyarsu ta bi kasuwanni da coci-coci da ƙofofin gidaje tana tara sa hannun jama'a, har aka sa batun a ƙuri'ar raba gardama ta ranar 6 ga Nuwamba, 2018. Ana bukatar kashi 60 cikin ɗari kafin a gyara kundin, sai aka samu kusan kashi 65, a jihar da zaɓen gwamnanta na wannan ranar sai da aka sake ƙirga shi saboda ƙarancin rata. Wannan ya nuna cewa 'yan Rifablikan da yawa sun goyi baya. Gyaran ya ce duk wanda ya kammala dukkan sharuɗɗan hukuncinsa 'yancinsa ya dawo, ban da masu laifin kisan kai da manyan laifukan lalata, kuma an ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.4 ne za su amfana.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. A watan Yunin 2019 Gwamna Ron DeSantis ya sa hannu a wata doka da ta ce kammala hukunci ya haɗa da biyan tara da kuɗin kotu da diyya har ƙwandalar ƙarshe. Wani malamin Jami'ar Florida, Daniel Smith, ya bincika ya gano cewa fiye da mutum 770,000 ana bin su irin wannan bashi. Alƙalin tarayya Robert Hinkle ya yanke a watan Mayun 2020 cewa ba za a hana talakan da ba shi da halin biya zaɓe ba, amma a watan Satumba kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncinsa da rinjayen alƙalai 6 a kan 4.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jihar da kanta ba ta da rumbun bayanai guda ɗaya da zai gaya wa mutum nawa ake bin sa, sai dai ya bi ofisoshin magatakardan kotu a gundumomi 67. Akwai wani abokin aikina, dattijo mai jikoki, wanda laifinsa na ƙuruciya ne. Ya je ofishin wata gunduma aka ce tsofaffin takardun ba su cikin kwamfuta, ya je wata aka ce an miƙa bashinsa ga kamfanin karɓar bashi, wanda doka ta yarda ya ƙara har kashi 40 cikin ɗari a kai. Takardar rajista kuwa tana bukatar mutum ya yi rantsuwa cewa 'yancinsa ya dawo, kuma rantsuwar ƙarya a kanta sabon babban laifi ne mai ɗaurin da ya kai shekara biyar. Na ga takardar da idona a cikin motarsa, ya cike sunansa da adireshinsa da kyakkyawan rubutu, ya bar gurbin sa hannu fayau. Ya ce mini ba zai sayar da sauran kwanakinsa tare da jikokinsa a kan ƙuri'a ɗaya ba.

Alhaji Sabi'u, daga Kano:

Malam Nura, na gode da wannan bayani, amma ina da ja a kan wani sashe. A duk maganarka ban ji an ambaci wanda aka zalunta ba. Ni ɗan kasuwa ne, kuma na san abin da ake nufi idan yaron shago ya gudu da jarin da mutum ya tara shekara goma. Idan kotu ta ɗaure shi shekara uku, ta kuma umarce shi ya mayar da kuɗin, ya yi zaman ya fito bai mayar da ko sisi ba, ban yarda hukuncinsa ya ƙare ba, rabinsa ne ya ƙare. Haƙƙin hukuma ya sauka, haƙƙin mai dukiya yana nan a wuyansa. To mene ne laifi idan aka ce masa ya fara sauke wannan nauyi kafin ya zo ya sa baki a kan wanda zai riƙe amanar jama'a?

Ita kuma Malama Hauwa'u ta nemi jin hujjar ɗaya ɓangaren, ga ta kamar yadda na fahimce ta. Zaɓe shiga ce cikin tsara dokar da za ta hau kan kowa, kuma a Amurka, kamar yadda nake ji, har manyan 'yan sandan gunduma da masu gabatar da ƙara da wasu alƙalai zaɓensu ake yi. Wanda ya taka doka da gangan ya nuna bai ɗauke ta a bakin komai ba, don haka ba zalunci ba ne al'umma ta jira ta ga alamar gyaruwa kafin ta sake ba shi hannu a wannan aiki. Ban goyi bayan hani na har abada ba, domin ɗan Adam yana canzawa, kuma ban ji daɗin labarin dattijon nan ba. Amma in ce ranar da aka buɗe wa mutum ƙofar kurkuku ranar ce ya zama daidai da wanda ya cuta a gaban akwatin zaɓe, alhali bai biya shi ba, wannan zuciyata ba ta karɓe shi ba.

Barista Rabi, daga Abuja:

Ranka ya daɗe Alhaji, maganarka tana da tushe, kuma zan ƙara maka hujjar da ba ka kawo ba. A 2017, lokacin da Kotun Ƙolin Florida take duba lafazin gyaran, lauyan masu neman gyaran da bakinsa ya amsa cewa sharuɗɗan hukunci sun haɗa da tara da diyya, kuma a watan Janairun 2020 kotun ta fassara shi haka. Don haka majalisar jihar ba daga iska ta ɗauko sharaɗin ba.

Inda na rabu da kai shi ne a cakuɗa diyya da kuɗin kotu. Diyya haƙƙin wanda aka cuta ce. Kuɗin kotu kuwa hanya ce da jihar take tara kuɗin gudanar da kotunanta, ana ɗora shi a kan mai laifin da bai cuci dukiyar kowa ba, kamar wanda aka kama da ƙwaya a aljihunsa, kuma alƙali Hinkle ya ce a haƙiƙa haraji ne aka sauya wa suna. Ka dubi mutum biyu da suka aikata laifi iri ɗaya a rana ɗaya, aka yi musu hukunci ɗaya, ɗaya mahaifinsa yana da hali ya biya masa a take, ɗayan kuma ya fito babu mai ɗaukarsa aiki saboda tabon da ke kan sunansa. Na farko zai yi zaɓe, na biyu ba zai yi ba, kuma abin da ya raba su aljihu ne, ba tuba ba. Shi kuma wanda aka cuta, hana wancan ƙuri'a ba ya mayar masa da ko dala ɗaya. Hanyar karɓo haƙƙinsa ita ce kotu ta riƙa cire wani kaso daga albashin mai laifin, kuma wannan yana yiwuwa ko ya yi zaɓe ko bai yi ba.

Sai tarihi, wanda ba a iya tsallake shi a wannan batu. Hana masu laifi zaɓe ya girmi yaƙin basasar Amurka, amma bayan da aka 'yanta bayi aka ba baƙaƙen fata maza ƙuri'a a 1870, jihohin kudu sun mayar da shi makami. A 1890 Mississippi ta rubuta sabon kundi ta jera laifukan da ke hana zaɓe, irin su sata da rantsuwar ƙarya da jabun takardu da auren mace fiye da ɗaya, ta bar kisan kai da fyaɗe a waje, domin masu rubutun sun zaɓo laifukan da suke ganin an fi kama baƙaƙe da su. Sai a 1968 aka ƙara waɗannan biyun. A jihar, wanda yake son 'yancinsa ya dawo sai gwamna ya yi masa afuwa, ko kuma majalisun jihar biyu su zartar da ƙuduri mai ɗauke da sunansa shi kaɗai da rinjayen kashi biyu cikin uku. Alabama ta yi irin wannan a 1901, kuma a 1985 Kotun Ƙolin Amurka ta soke wannan sashe a shari'ar Hunter da Underwood bayan ta tabbatar cewa wariyar launin fata ce ta haife shi. Sai dai ita wannan kotun ce a 1974, a shari'ar Richardson da Ramirez, ta ce jihohi suna da ikon hana masu manyan laifuka zaɓe, saboda gyara na 14 na kundin ƙasar ya ambaci tawaye ko wani laifi a matsayin dalilin hani. Shi ya sa fafutukar ta koma jiha-jiha.

Haɗarin barin lamarin a hannun gwamna shi ne abin da alƙalami ya bayar alƙalami yana iya karɓewa. A Iowa Gwamna Tom Vilsack ya mayar da 'yancin a 2005, Terry Branstad ya soke a 2011, Kim Reynolds ta sake mayarwa a 2020. A Kentucky gwamna ya bayar a 2015, magajinsa ya janye cikin 'yan makonni, sannan Andy Beshear ya dawo da shi ga kimanin mutum 140,000 a watan Disambar 2019. Duk da wannan kai-komo adadin yana raguwa: ƙungiyar Sentencing Project, mai bincike kan hukunta masu laifi a Amurka, ta ƙiyasta mutum miliyan 6.1 da aka hana zaɓe a 2016, sai ya sauka zuwa kimanin miliyan 4 a 2024, kuma mafi yawansu ba a kurkuku suke ba, suna cikin gari tare da jama'a.

A nan gida tsarin ya sha bamban. Wanda ya gama zaman gidan yari a Najeriya yana iya yin katin zaɓe, takara ce kundin 1999 ya hana shi na shekara goma idan laifin ya shafi rashin gaskiya. Matsalarmu ta waɗanda ke ciki ce: Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke a 2014 cewa fursunoni suna da 'yancin zaɓe, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙarfafa hakan a 2018, amma har zaɓen 2023 ba a kai akwati gidajen gyaran hali ba, alhali mafi yawan mazauna cikinsu jiran shari'a suke yi, ba a same su da laifin komai ba tukuna.

Malam Idi, daga Maraɗi:

Allah ya saka wa Barista da alheri. Ba ina cewa ƙuri'a da shaida abu ɗaya ne ta kowace fuska ba, amma malamanmu sun daɗe da tattauna tambaya mai kama da ta Malama Hauwa'u. A Suratun Nur an hukunta wanda ya yi wa kamammiyar mace ƙazafi da bulala tamanin, aka kuma ce kada a sake karɓar shaidarsa, sannan aya ta gaba ta keɓe waɗanda suka tuba suka gyara. Imam Abu Hanifa ya ce tuban yana ɗauke masa sunan fasiƙanci amma shaidarsa ba ta dawowa, Imam Malik da Imam Shafi'i da mafi yawan malamai kuwa suka ce idan ya tuba ana karɓar shaidarsa. Mazhabar da muka tashi a cikinta ta zaɓi buɗe ƙofa.

Alhaji Sabi'u yana da gaskiya cewa tuba ba ya cika sai an mayar da haƙƙin mutane. Sai dai shari'ar da ta wajabta biyan bashi ita ce ta ce a saurara wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Mai hali da ya ƙi biya daban, wanda ya rasa abin biya daban, kuma dokar da ba ta tantance tsakaninsu ba, ta kuma kasa gaya wa mutum adadin da ake bin sa, ba zan kira ta adalci ba.

Hauwa'u, daga Kaduna:

Na gode muku ƙwarai. Alhaji, hujjarka ta diyya ta tsaya mini a rai, ko da yake har yanzu ina tare da Barista. Malam Nura, saura abu ɗaya: ana cewa 'yan siyasa suna jan ƙafa ne don tsoron waɗannan ƙuri'u za su tafi jam'iyya ɗaya. Shin hakan ya tabbata bayan 2018?

Nura, daga Orlando:

Tsoron yana da asali, Malama, domin a zaɓen shugaban ƙasa na 2000 ƙuri'a 537 ce ta raba George Bush da Al Gore a Florida, lokacin da dubban ɗaruruwan mazauna jihar ba su da ikon zaɓe. Amma abin da ya biyo bayan gyaran bai gaskata tsoron ba. Waɗanda suka yi rajista kafin zaɓen 2020 ba su kai ko kashi ɗaya cikin goma na miliyan 1.4 ɗin ba, duk da cewa ƙungiyar Meade ta tara miliyoyin daloli ta biya wa dubban mutane bashinsu, kuma Trump ya ci jihar da ratar ƙuri'a kusan 370,000. Mafi yawan waɗanda dokar ta shafa a Florida ma ba baƙaƙen fata ba ne, ko da yake kason baƙaƙe a cikinsu ya zarce kasonsu a yawan jama'ar jihar nesa ba kusa ba, kuma babu wanda ya isa ya rantse a kan jam'iyyar da kowannensu zai zaɓa.

Abin da ya ƙara sanyaya gwiwar mutane shi ne kamen watan Agustan 2022, lokacin da gwamna ya sanar da tuhumar mutum 20 da yin zaɓe ba bisa ƙa'ida ba. Laifukansu na baya suna cikin waɗanda gyaran ya keɓe, wannan gaskiya ne, amma da yawansu hukuma ce ta karɓi takardarsu ta aiko musu da katin zaɓe, kuma a hotunan bidiyon kamen an ga wasunsu a ƙofar gida cikin ruɗani suna tambayar 'yan sanda abin da suka yi. A Texas ma an yanke wa Crystal Mason ɗaurin shekara biyar saboda ta cike ƙuri'ar wucin gadi, wadda ake ba wanda ba a ga sunansa a rajista ba, a 2016 tana cikin ɗaurin talala, ƙuri'ar da ba a ma ƙirga ba, sai a 2024 wata kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Wanda ya ga irin wannan a talabijin, ko da ya cancanta, zai gwammace ya zauna a gida.

Don haka ko da za a bar sharaɗin diyya kamar yadda Alhaji yake so, ina ganin wajibi ne nauyin tantancewa ya koma kan hukuma. Ita ce ta yanke hukuncin, ita ke riƙe da takardun, ita ya kamata ta rubuta wa mutum ranar da ya fito cewa ga abin da ake bin ka, ga wanda za ka biya, ga ranar da za ka iya yin rajista, kuma idan ta yi kuskure ta ba shi kati, kada ta dawo ta kama shi a kan kuskurenta.